Yadda ake shirya taron girka wa jama'a Linux

Tun da Microsoft ya janye tallafinsa daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kwamfutocin gwanjo da dama da ke hannun ɗalibai da masu shagunan buga takardu suka zama marayu, don Windows 11 ba ta hawa na'urar da ba ta da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta. Linux kuwa, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, tana hawa, kuma kyauta ce. Sai dai sabon shiga yana buƙatar wanda zai zauna kusa da shi, dalilin taron ke nan.

Ku tsayar da nau'i ɗaya tak. Linux Mint mai fuskar Xfce ta fi dacewa: tana tashi a kan RAM 2GB, ta fi sakewa a 4GB, kuma wanda ya saba da Windows ba zai ɓata a cikinta ba. Ku sauke fayil ɗinta na ISO, wato fayil ɗin girkawa, tun kwana uku kafin taro, ku gwada lambarsa ta SHA256 da wadda ke shafin Linux Mint don tabbatar da bai lalace ba, sannan ku zuba shi a filas mai 8GB da manhajar Rufus ko Ventoy. Kwamfuta 20 na buƙatar filas kamar 10 da mataimaka 7. Ku sa taron ranar Asabar da hantsi, a huta da azahar.

Maganar wuta ba abin wasa ba ce. Galibin laftof ɗin gwanjo batirinsu ya mutu, kuma in aka ɗauke wuta ana tsaka da raba ma'adana (hard disk), duk abin da ke ciki na iya salwanta. A cika tankin janareta, a tashe shi tun kafin a fara ko da akwai wutar NEPA, a tanadi ekstenshan biyar ko shida. Kowa ya zo da cajarsa.

A sanar mako guda kafin ranar cewa kowa ya kwashe hotuna da takardunsa. Rabin mutane ba za su yi ba, don haka a ajiye ma'adanar waje mai 1TB a teburin ƙofa. A nan kuma kowa zai sa hannu a takarda: a goge Windows gaba ɗaya, ko a bar ta tare da Linux? Kada mataimaki ya yanke wa kowa wannan hukunci.

Wanda zai bar Windows, a fara kashe masa Fast Startup, saitin da ke sa Windows tashi da sauri, in ba haka ba Linux za ta ga ɓangaren Windows a kulle. In BitLocker, makullin ma'adana na Windows, na kunne, a rubuta lambobinsa 48 na ceto a takarda kafin a taɓa BIOS, wato saitunan asali na kwamfutar. A ware wa Linux aƙalla 40GB.

Don tashi daga filas, HP na amfani da maɓallin F9, Dell da Lenovo F12. Kada a yi garajen danna girkawa. A fara gwada Wi-Fi, sauti da kyamara alhali Linux tana gudana daga filas.

In manhajar girkawa ba ta ga ma'adana ba, yawanci saitin ma'adana a BIOS yana kan Intel RST ne, sai an mayar da shi AHCI. Amma a fara saita Windows ta tashi a Safe Mode, yanayinta na gyara, sau ɗaya, in ba haka ba za ta ƙi tashi bayan canjin. In Wi-Fi ya ƙi bayyana, sau da yawa katin Broadcom ne: a jona wayar salula da kebul, a raba intanet ɗinta, a girka direbansa, wato manhajar da ke sa katin aiki, ta Driver Manager. Tsohuwar na'ura mai 32-bit kuma ba ta ɗaukar Mint tun daga fitowa ta 20, sai a ba ta Debian 12, wani nau'in Linux.

Masu Windows da Linux tare a Najeriya da Nijar za su ga agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya, don Linux na ajiye lokacin UTC (GMT) a agogon na'ura. Rubuta umarnin timedatectl set-local-rtc 1 a Terminal na Linux yana gyara shi.

Kafin mutum ya tashi, a ƙara masa tsarin madannai na Hausa don ya iya rubuta ƙ, ɗ da ɓ, ya buɗe takardarsa ta Word a LibreOffice, madadin Microsoft Office, da hannunsa, ya kashe kwamfutar ya kunna, ya shigar da kalmar sirrinsa ba tare da an taya shi ba. A sa shi a zauren WhatsApp na taron, a kuma faɗa masa ranar dawowa bayan mako biyu, ya zo da firintarsa in ta ƙi aiki.