Babi na 6: Yadda zaka nuna cewa akawun naka ne da sa hannun makulli

Darasi na 1: makulli biyu

Toh 'yan uwa, iyaye da yayye, sannunku da ƙoƙari, wanda ya kawo babi na shida ai ya yi nisa, kar wanda ya tsorata da sunan darasin. Abin da zamu koya shi ne, idan ɗan kutse ya shiga akawun ɗinka na intanet ya canza kalmar sirri ya canza imel, kai kana cewa nawa ne shi ma yana cewa nawa ne, da me zaka raba gardama? Sikirinshot ba hujja bane, kowa na iya haɗa shi. Amma akwai wani sa hannu da kwamfuta ke yi da lissafi, wanda babu mai iya kwaikwayonsa sai wanda makullin ke hannunsa.

Makullan biyu ne kuma tare ake haifarsu. Ɗaya na sirri, ɗaya na bayyane. Na sirri shi ke sa hannu, kai kaɗai ke da shi. Na bayyane shi kake ba duniya, aikinsa kawai ya duba ya ce eh wannan sa hannun daga ɗan uwana ya fito, ko a'a. Wanda ke da na bayyane ba zai iya gano na sirri daga jikinsa ba, shi ya sa ake bada shi ba fargaba. Whitfield Diffie da Martin Hellman ne suka fito da wannan tunanin a Amurka a 1976, daga baya a 1991 Phil Zimmermann ya yi manhajar PGP, ta ɓoye saƙo da sa masa hannu, yadda mutum irina da irinku zai iya amfani da shi. Ba za a tambaye ku sunayen nan ba, na faɗa ne dai ku san abin ya daɗe ana aiki da shi.

Mu da walet na Bitcoin zamu gwada, wato manhajar ajiye kuɗin intanet na Bitcoin, mai suna Electrum, saboda makullan suna ciki tun ranar da ka buɗe shi. Adireshin da kake gani, wannan dogon layin haruffa da lambobi, shi ke tsayawa a madadin makullin bayyane. Kalmomi 12 da ka rubuta a takarda ranar buɗewa kuma daga cikinsu makullin sirri ke fitowa. Sa hannu ba ya cin ko sisi, ba sai da kuɗi a walet ɗin ba, ko data baka da ita zai yi.

Darasi na 2: ka ajiye adireshin tun ana zaman lafiya

Nan ne mutane da yawa ke makara. Sa hannu yana nuna cewa makullin wannan adireshin na hannunka, shikenan abin da yake nunawa. Bai san akawun ɗinka ba. Kai ne zaka ɗaura su tare, kuma tun kafin a sace. Wato yau, akawun na hannunka lafiya lau, ka rubuta a jikinsa inda mutane ke gani: ga adireshina, duk ranar da aka yi rigima da shi zan sa hannu. Ka sa wasu amintattu su adana shi a wurinsu da kwanan wata, domin ɓarawon in ya shiga zai iya gogewa ya sa nasa. In sai bayan an sace ka kawo adireshi sabo fil ka ce ga sa hannuna, ai ɓarawon ma zai buɗe nasa walet ɗin cikin minti biyu ya yi irin haka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka zaɓi adireshin da babu kuɗi ciki, don duk wanda ya ga adireshi zai iya duba abin da ya shiga da abin da ya fita. Kuma ka sani, adireshi mai farawa da lamba 1 shi ne kusan kowace manhaja ke iya dubawa, mai farawa da bc1 kuwa Electrum zai sa masa hannu amma wasu manhajojin sai su ƙi ganewa.

Darasi na 3: sa hannun, da kwafar saƙo

Buɗe Electrum a kwamfuta. A sama akwai rubutu Tools, danna shi, sai ka zaɓi Sign/Verify message. Akwati uku zaka gani. Na sama na saƙo ne. Na tsakiya na adireshi. Na ƙasa ka barshi babu komai, kwamfuta ce zata cika shi.

A na sama ka rubuta kamar haka: Yau 14 ga Maris 2025, ni ne mai akawun mai suna kaza a wuri kaza, an sace shi, ina neman a maido min. Dole a sa kwanan wata, dole a sa sunan akawun, dole a sa dalili. Sai ka manna adireshin da ka ajiye a darasi na 2 cikin akwatin tsakiya, ka danna Sign, in ya nemi kalmar sirrin walet ka saka. Wasu haruffa 88 zasu fito a ƙasa, babba da ƙarami a cakuɗe, ƙarshensu da alamar =. Wannan shi ne sa hannunka. Ba sai ka iya karanta shi ba, ni ma ban iya ba.

Yanzu ku ajiye biro ku saurare ni da kyau. Abu uku zaka tura: saƙo, adireshi, sa hannu. Kuma saƙon sai ya tafi daidai yadda yake lokacin da ka danna Sign. Daidai. Ba kusan daidai ba.

Kar ka sake rubuta shi da hannu. Ka kwafa ka manna. Ka sa linzami cikin akwatin, ka danne Ctrl da A duk rubutun ya yi shuɗi, sai Ctrl da C, ka je inda zaka tura sai Ctrl da V. Na sake faɗa, kar ka sake rubuta shi da hannu, ko da kalma biyar ce, ko da ka haddace ta.

Me ya sa nake nanatawa? Kwamfuta ba ma'ana take karantawa ba, haruffa take ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. A wurinta ƙ daban k daban. Y babba daban y ƙarami daban. Tazara biyu tsakanin kalmomi daban da tazara ɗaya, alhali idonka ba zai gani ba. Akwai wani dattijo a ajinmu da ya yi komai daidai, ya duba ya fito lafiya, sai ya lura ya manta aya a ƙarshen jimla, mutum ne mai son tsafta a rubutu, sai ya ƙara ta sannan ya turo. Na duba, ya ƙi. Ya ce Malam na rantse ban taɓa komai ba. Na ce Baba mu jera su mu gani, muka yi kusan minti ashirin muna bin layin da yatsa a jikin sikirin kafin muka ga ɗigon nan guda ɗaya. Ya yi dariya ya ce ashe gyara ma laifi ne. A nan kam laifi ne Baba.

In ka ga kuskure bayan ka sa hannu, babu komai, ba abin kunya bane, gyara saƙon ka sake danna Sign, sabon sa hannu zai fito, ka jefar da tsohon. Abin da ba a yi shi ne gyara saƙo a bar tsohon sa hannu.

Masu turawa ta waya ku kula sosai, allon rubutun waya yana da karambani, shi zai mayar maka da harafin farko babba, ya canza 'yar alamar da ke gaban 'yan zuwa mai lanƙwasa, kai baka sani ba. Kwafa, manna, kar ka taɓa. Mu faɗa tare: kwafa, manna, kar ka taɓa.

Kafin ka tura, gwada da kanka. Rufe akwatin ka sake buɗewa, ka kwafo ukun daga inda ka manna su, ba daga Electrum ba, ka danna Verify. In ya ce Signature verified to madalla. In ya ce Wrong signature, kar ka zargi kwamfuta, koma kan saƙon, wani harafi ya motsa.

Darasi na 4: abin da ba a turawa

Wallahi wannan na gaji da faɗarsa. Makon da ya wuce na ce a turo min sa hannu, mutum biyu suka turo hoton takardar kalmomi 12. Haba jama'a. Sau nawa zan faɗa? Wanda ya ga kalmomin nan ya zama kai, zai sa hannu da sunanka, zai kwashe abin da ke walet ɗin, kuma babu ofishin da zaka kai ƙara a maido. Mai dubawa na gaskiya ba ya buƙatarsu ko kaɗan. Duk wanda ya ce turo kalmominka in tabbatar maka, ɓarawo ne, ko ni ne na faɗa.

Haka kuma kar ka sa hannu a rubutun da wani ya baka baka karanta ba, ko wanda baka gane ba.

Darasi na 5: in kai ne mai dubawa

Kar ka karɓi tsohon sa hannu. Kai zaka ba mai cewa akawun nasa ne jimla sabuwa da kwanan watan yau ya sa mata hannu. A 2016 Craig Wright, ɗan Ostareliya, ya ce shi ne Satoshi Nakamoto wanda ya ƙirƙiro Bitcoin, ya nuna sa hannu, masu bincike suka gano tsoho ne da ya kwafo daga wani cinikin Bitcoin da kowa ke iya gani. A 2024 babbar kotu a Landan ta yanke cewa ba shi bane. Sannan ka duba adireshin, shi ne wanda aka ajiye tun da, ko sabo ne.

Darasi na 6: PGP

Duk ɗaya ne, sai dai maimakon adireshi, zanen yatsan makullin kake ajiyewa, wato layin haruffa 40 da ke tsayawa a madadin makullin bayyane. Manhajar GnuPG, wadda ke yin aikin PGP, kyauta ce. In za a tura saƙon da aka sa wa hannu, a kwafa tun daga layin BEGIN har layin END da duk 'yan sandunan da ke gefe.

Darasi na 7: aikin gida

Kowa ya sa hannu a saƙo ɗaya, ya duba, sannan ya canza harafi ɗaya ya sake dubawa ya rubuta abin da ya fito. A kawo ranar aji na gaba. Banda hoton kalmomi.