Yadda za ki wanke burushin kwalliya ba tare da gashinsa ya zube ba

Da yawanmu za mu nemi sabulun wanke fuska mai kyau, mu nemi man shafawa, mu bi duk ƙa'idar da aka ce a bi, amma ƙurajen fuskar nan sun ƙi tafiya, kuma ba mai waiwayar burushin da ake goga wa fuskar kullum da safe. 'Yar'uwa ɗauko burushin fandeshan ɗinki yanzu ki buɗa tsakiyar gashin da yatsa ki leƙa can ƙasa kusa da ƙarfen, za ki ga wani abu ya daskare ya manne gashin wuri ɗaya, kalarsa ma ba irin ta fandeshan ɗin ba ce, ta fi duhu. To wannan ragowar kwalliya ce ta haɗu da maiƙon fuska da gumi da matacciyar fata da ƙura, kuma shi kike mayarwa kan fuskarki duk ranar da kika yi kwalliya.

A 2019 masu bincike a jami'ar Aston da ke Birmingham a Ingila sun karɓi kayan kwalliyar da mutane ke amfani da su suka gwada, sai suka tarar kusan tara cikin goma na ɗauke da ƙwayoyin cuta, har da irin waɗanda ke kawo ciwon fata, kuma sosan shafa fandeshan shi ya fi kowanne muni, dan kashi 93 cikin 100 na sosunan ba a taɓa wanke su ba. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka kuwa cewa ta yi a rinƙa wanke burushi duk kwana 7 zuwa 10. Ni dai a ganina na fandeshan da na konsila, wato abin rufe tabon fuska, kar su wuce sati, saboda abu mai ruwa-ruwa suke ɗauka kuma danshi ne ke raya ƙwayar cuta.

Kafin ki kai shi ga ruwa ki san yanda aka haɗa shi, dan a nan ake yin ɓarnar. Burushi kashi uku ne, akwai gashin, akwai ƙarfen da ya riƙe wuyansa, sai mariƙin. A cikin ƙarfen nan gam ne ya kama gindin gashin, haka ma gam ne ya haɗa ƙarfen da mariƙin. Duk abin da zai sa ruwa ya shiga cikin ƙarfen ya kwanta, to gam ɗin yake ci a hankali, ranar da kika ga gashi yana maƙalewa a kumatunki kina shafa hoda to an riga an yi aikin gama tuntuni. In kin riƙe wannan, sauran duk mai sauƙi ne.

Abin da za ki tanada bai da yawa: ruwa mai ɗan ɗumi, shamfu marar ƙarfi irin na jarirai ko sabulu mai laushi, ƙaramin kwano, da tawul mai tsabta. In kina da ɗan faifan robar nan mai ƙuraje-ƙuraje da ake goga burushi a kai to madalla, in babu tafin hannunki ya wadatar.

Farko ki kifa burushin, gashin na kallon ƙasa, ki jiƙa bakin gashin kaɗai. Kar ki tsoma shi gaba ɗaya, kar kuma ki jefa su cikin kwano ki ce bari su jiƙa ki dawo, wallahi wannan jiƙon shi ke kashe burushi fiye da komai, in mariƙin na katako ne ma har kumbura yake yi fentin ya tsattsage. Ruwan kuma kar ya yi zafi, in kin sa hannu kin ji zai ƙona ki to ya yi wa gam yawa.

Daga nan ki ɗiga shamfu kaɗan a tafin hannu, ki ɗora bakin burushin ki rinƙa juya shi a hankali kina zagayawa, za ki ga kumfar ta rine ta koma kalar hodar ko janbakin da ke ciki. Ba dirza ake yi ba, kar ki danna shi har gashin ya baje ya kwanta, dan in ya karye daga gindi ba ya komawa daidai. Manyan burusan hoda masu cika sai kin sa yatsa kin ɗan buɗa tsakiyarsu kumfar ta shiga, saboda waje zai yi fes ki ɗauka kin gama alhali cikin na nan da dattinsa.

Na fandeshan shi ne mai taurin kai, musamman in irin wanda ba ya fita da ruwa kike amfani da shi. Wannan kafin ki jiƙa shi ki ɗiga man zaitun ɗigo ɗaya ko biyu a kan tishu ki goga bakin gashin a kai, mai shi ke narkar da mai, za ki ga abin da ya daskare ya saki yana fita a jikin tishun. Sannan ki bi da sabulu sosai har sai kin taɓa kin ji ba santsi. In kika bar man a ciki gobe kwalliyar za ta rinƙa zamewa, kuma ƙura za ta fi saurin kama shi.

Sai ɗauraya. Har yanzu dai kansa na ƙasa, ki bar ruwan ya bi ta gashin kina ɗan matsawa da yatsu, in ruwan da ke fita yana da kala ki sake sa sabulu ki maimaita, sai kin ga ya fito garau kuma ba sauran kumfa. Kar ki yi ƙyuyar wannan wajen, sabulun da ya bushe a cikin gashi yana sa shi tauri kuma yana sa wasu ƙaiƙayin fuska.

A lura akwai gashi iri biyu. Akwai na roba, wanda aka fi yi da nailan, shi ne ya fi dacewa da fandeshan da konsila da duk wani abu mai laushi saboda ba ya shanye su, kuma yana jure wanki, in maiƙo ya yi masa yawa ko ɗigon sabulun wanke kwanuka kika sa masa ba abin da zai yi. Akwai kuma na gashin dabba, na akuya ko na doki ko na kurege, shi ya fi ɗaukar hoda da kyau amma lallaɓa shi ake yi kamar gashin kanki, sabulu mai ƙarfi yana busar da shi ya yi kaushi ya fara karyewa. Shi shamfu mai laushi kaɗai, in ya fara bushewa ki shafa masa ɗan kondishina ki ɗauraye tas.

To yanzu mun zo inda aka fi yin kuskure, wato shanya. Ki sa burushin cikin tawul ki matsa a hankali ruwan ya tsane, banda murɗawa banda ja. Ki sa yatsu ki gyara gashin ya koma siffarsa tun yana da laima, mai tsini ki tsinanta shi, mai faɗi ki daidaita shi, dan yanda ya bushe haka zai zauna. Sannan ki kwantar da su a bakin tebur, mariƙin na kan tawul gashin kuma ya leƙo waje iska na ratsa shi sama da ƙasa. In kin naɗe gefen tawul ɗin kin tokare ƙarshen mariƙin ya ɗan ɗaga, kan ya ɗan sunkuya, ya fi kyau ma. Abin da dai ba a so shi ne ki tsayar da su a kofi kai sama suna jiƙe, ruwan gangarawa zai yi kai tsaye cikin ƙarfen ya kwana kan gam. Dan Allah kar ki hura musu dirayar gashi, na roba lanƙwashewa yake yi na dabba kuma ya bushe ƙamas, haka rana mai zafi ma ba ta yi musu daɗi, inuwa mai iska ta isa. Ƙananan na ido awanni kaɗan sun bushe, manyan kuwa sai sun kwana, wani ma ya kai yini guda, shi ya sa ya fi ki yi wankin da yamma ranar da kika san ba fita za ki yi da sassafe ba. Kafin ki ɗauke ki tura yatsa tsakiya, in kin ji sanyi-sanyi to da saura.

Soso kuwa, tunda jiƙa shi ake yi kafin a yi amfani da shi, bai kamata a haɗa shi da lissafin sati ba, in da hali duk ranar da ya taɓa fuska a wanke shi. Ki jiƙa shi ya kumbura, ki goga masa sabulu, ki rinƙa matsawa kina saki a cikin tafin hannu har ruwan ya fito fari, ki kula da farce dan yaga shi yake yi. Ki ajiye shi a fili ya sha iska, kar ki cusa shi cikin jaka ki ja zif yana jiƙe, nan da nan yake yin fumfuna. In kin ga ɗigo-ɗigon baƙi a jikinsa ko ya fara wari, kar ma ki wahalar da kanki, ki yar. Ko lafiyarsa ƙalau bayan kamar wata uku a canza shi.

Tsakanin wanki da wanki, duk sanda kika gama kwalliya ki goge bakin burushin a jikin tishu, musamman na ido da kike canza masa kala. Akwai ruwan feshi da ake yi dan wannan, yawancinsu da sifirit a ciki shi ya sa suke bushewa nan take, ki fesa a tishu ki goga, amma fa ki sani bai maye gurbin ruwa da sabulu ba, kuma in kika yawaita shi a kan gashin dabba zai busar da shi.

Masu yi wa mutane kwalliya, ku naku nauyin ya fi na kowa, fuskar wani amana ce. Burushin da ya taɓa wata kar ya taɓa ta gaba sai an tsabtace shi, gara ki mallaki saiti biyu ko uku kina juyawa. Maskara da janbaki a yi amfani da 'yan tsinken nan da ake yarwa bayan amfani ɗaya, dan ciwon ido da ƙurajen baki ta nan suke yawo daga wannan zuwa waccan. Ke ma da ke gida, aron burushin ido ba alheri ba ne ko da 'yar'uwarki ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma in kin yi ciwon ido ki dakata da kwalliyar ido har ki warke, ki zubar da maskara da gazal ɗin da kika yi amfani da su a lokacin, burusan kuma su sha wanki mai kyau kafin su koma aiki.

In sun bushe sarai yanzu kam za ki iya tsayar da su a kofi kai sama, ko ki sa su a abu mai murfi saboda ƙura, amma ba a banɗaki ba, danshin wajen ya yi yawa. Jakar kwalliyar ma ki zazzage ta ki wanke lokaci-lokaci, in ba haka ba kin wanke burushi kin mayar da shi cikin datti. Sabon burushi shi ma a wanke shi kafin ya hau fuska, ba ki san hannu nawa ya bi ba. Wanda kuma kika wanke ya bushe amma har yanzu yana wari, ko gashin na zuba duk shafawa, ko ya yi kaushi yana sukar fata, wannan ya gama aikinsa, ki canza shi kawai.