Yadda Ake Tsara Kwas ɗin Kalkulas na Digirin Farko da Auna Fahimtar Ɗalibai

Malamin da aka ɗora wa alhakin koyar da kalkulas, reshen lissafi da yake nazarin yadda abubuwa suke canjawa, ga ɗaliban shekarar farko a jami'a yakan fara ne da buɗe littafi, ya ƙirga babi-babi, sannan ya rarraba su a kan makonnin zangon karatu. Shawarar da zan ba shi ita ce ya rufe littafin tukuna, ya ɗauki takarda ya rubuta tambayoyin jarrabawar ƙarshe, ko da a gurguje ne, tun kafin ya taka ƙofar aji. Ɗalibi yana da kwasa-kwasai da yawa a kansa, lokacinsa kuma kaɗan ne, saboda haka abin da ya haƙiƙance za a tambaye shi a jarrabawa shi zai karanta, komai yawan nasihar da aka yi masa a lacca. Idan ya duba tambayoyin shekarun baya ya ga ba su wuce “nemo wannan” da “warware wancan” ba, haddar ƙa'idoji zai yi, ya ci jarrabawa, ya fita bai san abin da ƙa'idojin suke nufi ba. Jarrabawar da aka rubuta tun farko ita ce za ta nuna wa malami inda ya kamata ya daɗe da inda zai wuce da sauri.

Kalkulas na matakin farko ya tsaya ne a kan abubuwa uku. Akwai limit, wato ƙimar da lissafi yake dosa ko da bai isa gare ta ba. Akwai deribatif, wato ma'aunin saurin da abu yake canjawa a daidai wani lokaci ko wani wuri. Akwai kuma intigiral, wato tara ƙananan gutsattsari har su ba da jimla ɗaya, kamar faɗin filin da yake ƙarƙashin lanƙwasasshen layi. Abin da ya ƙulla biyun ƙarshe shi ne babbar ƙa'idar kalkulas, wadda ta nuna cewa kowannensu yana kwance abin da ɗan'uwansa ya ɗaure. A kan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, malami ya rubuta abin da yake so ɗalibi ya iya yi da hannunsa. “Ya fahimci deribatif” magana ce da ba za a iya aunawa ba, amma “ya dubi giraf ya nuna inda deribatif ya zama sifili, ya kuma faɗi dalili” abu ne da za a iya tambaya a kuma ba shi maki. Waɗannan jimloli, tare da ranakun gwaje-gwaje da yadda aka kasa maki, su shiga takardar manhajar da za a raba wa ɗalibai a ranar farko, kuma kada a canja su a tsakiyar zango sai da babban dalili.

A makon farko a yi gwaji na minti 30 wanda babu kalkulas a cikinsa ko kaɗan, sai aljabara da tirigonometiri da karanta giraf, kuma a shaida wa ɗalibai cewa ba zai shiga makinsu ba. Wanda ya daɗe yana duba takardun jarrabawa ya san cewa da yawan waɗanda suke faɗuwa kalkulas, aljabara ce take kayar da su. Za a ga ɗalibi ya rubuta (a + b)² = a² + b², ko ya soke x a cikin (x + 3)/x ya bar 3, ko ya mayar da √(x² + 9) ya koma x + 3. Irin wannan ɗalibi zai iya haddace dukan ƙa'idojin deribatif daidai, amma layi na uku na kowace amsa zai ɓata masa aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan gwajin ya nuna cewa 'yan kaɗan ne suke da wannan rauni, a ware musu ƙarin darasi a makonni uku na farko, idan kuwa rabin aji ne, gara a sadaukar da lacca biyu cur a gyara tushe, domin abin da aka ƙi kashewa a farkon zango za a biya shi ninki a ƙarshensa.

Wajen jera darussa, ina ganin kuskure ne a fara da tsattsauran bayanin limit na efsilon da delta (haruffan Girkanci biyu da ake auna kusanci da su a wannan bayani) ga ɗaliban da yawancinsu injiniyanci ko kimiyya ko tattalin arziki za su karanta. Tarihin fannin kansa ya isa hujja. Gottfried Leibniz na Jamus ya wallafa aikinsa na farko a kan kalkulas a 1684, Isaac Newton na Ingila kuma ya riga ya samo nasa tsarin tun shekarun 1660, amma sai a 1821 Augustin Cauchy na Faransa ya fitar da littafin da ya ɗora kalkulas a kan limit, daga bisani Karl Weierstrass ya ƙarasa daidaita bayanin yadda ake koyar da shi a yau. Fiye da shekara ɗari masana suna aiki da kalkulas suna samun sakamako na gaskiya kafin a tsaurara tushensa, don haka babu laifi ɗalibi ya fara ganin abin da idonsa. A sa shi ya ɗauki kalkuleta ya lissafa sin x a kan x idan x ya zama 0.1, zai sami 0.99833, idan kuma ya zama 0.01 zai sami 0.99998, sai ya ga da kansa cewa 1 ake dosa, alhali a daidai sifili lissafin ba ya yiwuwa. Nan ne kuma wurin da ya dace a ja kunne a kan ma'aunin kusurwa, domin wanda ya bar kalkuletarsa a kan digiri maimakon radiyan zai ga lambar tana dosar 0.01745, ya rikice. Ɗaliban da lissafi ne ainihin fanninsu za a iya ba su tsattsauran bayanin a ƙarshen wannan sashe, bayan sun saba da abin da yake ƙoƙarin faɗa.

Idan zangon makonni 14 ne, ni zan ba limit makonni biyu, deribatif da amfaninsa makonni biyar zuwa shida, intigiral huɗu, sauran kuma na gyaran tushe da bita. Abin da ya fi yawan faruwa shi ne malami ya shagala a deribatif, saboda ƙa'idojinsa suna da daɗin koyarwa, sai ya farga saura mako biyu, ya kwararo intigiral gaba ɗaya a lacca huɗu. Maganin wannan shi ne a sa ranar fara intigiral a kalanda tun farko, a kuma riƙe ta ko da wani ƙaramin batu zai faɗi. A cikin deribatif, ƙa'idar sarƙa, wato hanyar fitar da deribatif na lissafin da yake ƙunshe da wani lissafi a cikinsa, ita ce ta cancanci a daɗe a kanta. Ɗalibi zai ce deribatif ɗin sin(x²) shi ne cos(x²), ya manta da 2x da ya kamata ya ninka da shi, kuma wanda bai ƙware a nan ba zai sake tuntuɓe idan aka zo musanya harafi a intigiral, domin wannan dabarar ƙa'idar sarƙa ce aka bi ta baya.

Game da yadda ake tafiyar da aji, kalkulas ba ya shiga kai ta hanyar kallon malami yana rubutu a allo. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara sakamakon bincike 225 a kan darussan kimiyya da injiniyanci da lissafi na digirin farko, suka tarar da cewa kashi 33.8 cikin 100 na ɗalibai suna faɗuwa inda lacca zalla ake yi, amma kashi 21.8 ne suke faɗuwa inda ake sa su aiki a cikin aji. Ba sai an rushe lacca ba kafin a ci moriyar wannan. Bayan kowane minti 15 na bayani, malami ya rubuta tambaya ɗaya, ya ba kowa minti biyu ya gwada shi kaɗai, sannan ya kwatanta amsarsa da ta na kusa da shi, shi kuma ya zagaya yana leƙa takardu. A darasin tutoriyal kuwa alli ya koma hannun ɗalibai, a ƙananan rukunoni na mutum uku ko huɗu, kuma a ba su tambayoyin da suka ɗan fi ƙarfin mutum ɗaya. Uri Treisman ya lura da amfanin irin wannan karatun rukuni ga ɗaliban kalkulas a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka tun shekarun 1970, ya kuma gina shirin koyarwa a kansa.

Rabon maki tsakanin ayyukan cikin zango da jarrabawar ƙarshe sau da yawa dokar jami'a ce take yanke shi, amma yadda za a yi amfani da kason cikin zango yana hannun malami. Gajeren gwaji na minti 10 kowane mako, mai tambaya biyu, ya fi babban gwaji ɗaya tak amfani, domin yana hana ɗalibi tara karatu sai daren jarrabawa, yana kuma nuna wa malami wanda ya fara nitsewa tun ana iya ceto shi. A yafe wa kowa gwaji biyu mafiya ƙarancin maki, saboda rashin lafiya da sauran uzurori, wannan zai rage yawan koke-koke. Jinga kuma a rage nauyin makinta, tunda yanzu akwai manhajojin kwamfuta da na waya da suke warware tambayar kalkulas layi-layi, amma a riƙa ɗauko tambayar gwajin mako daga cikin jingar da aka bayar tare da ɗan canji, ta yadda wanda ya yi da kansa zai ga ribar wahalarsa.

Tambayoyin jarrabawa su zama gauraye. Wasu na ƙwarewar hannu ne zalla, kuma ana bukatarsu. Wasu su zo da giraf babu lissafi a rubuce, a ce ɗalibi ya nuna inda abin yake hawa da inda hawan yake raguwa. Wasu su zo da zance, ɗalibi ya mayar da shi lissafi da kansa. Sannan a sami aƙalla tambaya ɗaya da take gwada ko yana duban amsarsa da hankali. Wadda na fi so ita ce intigiral ɗin 1/x² daga −1 zuwa 1. Wanda ya bi ƙa'ida ido rufe zai sami −1/x, ya saka iyakokin biyu, ya rubuta −2, ya ja layi a ƙarƙashi. Amma 1/x² ba ya taɓa sauka ƙasa da sifili, don haka babu yadda za a yi filin da yake ƙarƙashinsa ya zama −2. Matsalar tana daidai x = 0, inda lissafin ya tsinke, babbar ƙa'idar kuma ba ta aiki a tazarar da aka sami irin wannan tsinkewa. Na taɓa duba takardar da mai ita ya sami −2, ya soke, ya rubuta a gefe cewa wannan amsa ba za ta yiwu ba ko da yake bai gano inda ya kuskure ba. Na ba shi mafi yawan makin tambayar, domin ya nuna abin da aka sa tambayar don a gani. Kafin a buga takardar, malami ya amsa ta da kansa yana duban agogo, idan jarrabawar awa biyu ta ci masa fiye da minti 40, to ta yi wa ɗalibai tsawo.

Tsarin ba da maki a rubuta shi tare da tambayar, kafin a ga takardar kowa. Ɗauki misalin kwali mai murabba'i, santimita 12 kowane gefe, da za a yanke ƙananan murabba'ai masu gefe x a kusurwoyinsa huɗu a naɗe shi ya zama akwati marar murfi, ana neman x da zai sa akwatin ya fi ɗaukar kaya. Idan maki 10 ne, 3 na wanda ya gano cewa girman cikin akwatin shi ne x(12 − 2x)², 2 na deribatif, 2 na samo x = 2 da x = 6, 2 na bayyana cewa 6 ba ya barin akwati ko kaɗan kuma 2 ne yake ba da mafi girma, 1 kuma na rubuta girman akwatin, wato 128, tare da ma'auninsa. Wanda ya yi kuskuren ninkawa a layi na biyu amma ya bi hanya daidai har ƙarshe, a cire masa makin wannan kuskure sau ɗaya, kada a bi shi da hukunci a kowane layi. Idan masu dubawa suna da yawa, kowa ya ɗauki tambaya ɗaya ya duba ta a dukan takardu, maimakon a raba musu takardun, kuma su fara da duba guda goma tare domin hannunsu ya daidaita.

Takardun gwajin cikin zango su koma hannun masu su cikin mako guda, tun suna tuna abin da suka rubuta, a kuma ɗauki minti 10 a aji a warware kurakurai biyu ko uku da suka fi yawa ba tare da ambaton sunan kowa ba. Bayan jarrabawar ƙarshe, kada a tsaya a jimlar makin kowane ɗalibi, a fitar da matsakaicin makin kowace tambaya. Idan aka ga waɗanda suka yi fice a sauran tambayoyi su ma sun faɗi wata guda, a sake karanta ta, wataƙila lafazinta ne yake da harshen damo. Idan kuwa tambayar a fili take amma yawancin aji sun kasa, a rubuta sunan batun da makon da aka koyar da shi a ajiye tare da manhajar, domin wanda zai koyar da kwas ɗin a zango mai zuwa ya ƙara wa batun lokaci tun yana tsara kalandarsa.