Yadda Ake Tattara Tarihin Gidan Rediyon Waƙoƙin Zamani

Gidan rediyon da ya dogara ga waƙoƙin zamani yana cikin wuraren da tarihinsu ke saurin salwanta, domin abin da yake samarwa sauti ne mai bin iska, kuma da zarar an rufe shiri babu abin da ke saura sai wanda kunne ya riƙe. Jarida tana barin takarda a bayanta, amma mai gabatar da shirin zaɓi-sonka da ya shekara goma yana miƙa gaisuwar masu sauraro yana iya barin aiki ba tare da an adana ko da minti biyar na muryarsa ba. Saboda haka duk wanda ya ƙudiri aniyar rubuta tarihin irin wannan tasha, a Kano ne ko Kaduna ko Maraɗi, ya kamata ya san cewa yana tsere ne da mantuwa.

Abin da za a fara kafawa shi ne kwanan wata, kuma a nan ne masu rubutu da yawa ke tuntuɓe. Kowace tasha tana da ranakun farawa aƙalla uku: ranar da aka ba ta lasisi, da ranar da ta soma watsa shirye-shiryen gwaji, da ranar da aka buɗe ta a hukumance. Ray Power ta Legas, wadda marigayi Raymond Dokpesi ya kafa kuma ake ɗaukarta a matsayin rediyo mai zaman kanta ta farko a Nijeriya, ta yi gwaji a ƙarshen 1993, amma sai a watan Satumba na 1994 ta fara aiki gadan-gadan, don haka mutum biyu za su iya ba ka shekaru biyu daban alhali babu wanda ya yi ƙarya. Akwai kuma iyaka da za ta taimaka wajen tace labari. Kafin Doka ta 38 ta shekarar 1992, wadda ta kafa Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, wato NBC, gwamnati ce kaɗai ke da ikon mallakar rediyo a Nijeriya, don haka idan wani ya ce maka tashar ɗan kasuwa ta fara aiki a 1988, ka san ya haɗa ta ne da wata ta gwamnati. A Jamhuriyar Nijar ma sai a shekarun 1990 aka buɗe wannan ƙofa. Idan tashar reshe ce ta wani babban kamfani, kamar yadda Cool FM ta fara a Legas a 1998 kafin ta iso Kano, a raba tarihin uwa da na reshe, kada a ɗora wa ɗaya shekarun ɗaya.

Daga nan sai neman takardu. Rajistar kamfanin da ya mallaki tashar tana Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, bayanin lasisi da mita kuwa yana hannun NBC. Tsofaffin jaridu irin su New Nigerian da Triumph da Daily Trust da Aminiya sukan ɗauko labarin bikin buɗe tasha da tallan neman ma'aikata, kuma ana iya dosar Gidan Arewa ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna domin lalubo tsofaffin bugu. Mujallar Fim, wadda ta fara fitowa a 1999, tana da amfani wajen gane mawaƙan da ke tashe a kowace shekara. Wani wurin da ake yawan mantawa da shi shi ne sashen koyar da aikin jarida na jami'o'i kamar Bayero da Ahmadu Bello, inda ɗalibai suka sha rubuta kundin digiri a kan tashoshin garinsu, wani lokaci har da jadawalin shirye-shiryen da ita kanta tashar ta riga ta yar.

Sai dai takarda ƙashi kawai take bayarwa, tsokar tana wurin mutane, kuma a nan ne ya dace a kashe mafi yawan lokaci. Kada a tsaya ga shugaban tasha, domin shi yakan ba da labarin da ya dace da bikin cika shekara. A nemi injiniyan da ya kafa eriya, wanda ya san ranar da tiransimita ta ƙone da iyakar garuruwan da sautin ke kaiwa. A nemi mai kula da ɗakin ajiyar faya-faye. A nemi jami'in talla, wanda ya san kamfanonin da kuɗinsu ya riƙe tashar a lokacin da man janareto ke neman durƙusar da ita. Idan za a je wurin tsohon ma'aikaci, a je ta hannun wanda ya sani, a gaishe shi yadda ya kamata, a kira shi Baba ko Malam, ita kuma Hajiya ko Anti gwargwadon shekarunta, sannan a nemi izini a fili kafin a kunna na'urar ɗaukar murya. Tambaya irin "Malam, ba mu tarihin gidan nan" ba ta cika haifar da komai ba sai jawabi. Wadda ta fi buɗe baki ita ce ƙarama, kamar "Ranka ya daɗe, wace waƙa kuka fara sawa a ranar farko?" ko "Da wane taken kiɗa kuke buɗe shirin dare?", domin ƙwaƙwalwar ma'aikacin rediyo a jikin sauti take rataye, kuma sau da yawa da ya rera taken sai sunaye da shekaru su biyo baya.

A ganina masu sauraro sun fi kowa cancantar a zauna da su, ko da yake su ne ake bari a baya. Ƙungiyoyin zaɓi-sonka, da teloli, da masu shayi, da direbobin haya, da matan aure da rediyo ke rakiyarsu a aikin gida, su ne suka san shirin da ke sa a bar hira a matso kusa da akwati. Wasunsu har yanzu suna riƙe da katin gaisuwa, ko hoton da suka ɗauka da mai gabatarwa, ko kaset ɗin da suka naɗa daga rediyo domin kawai an ambaci sunansu. Duk abin da mutum ɗaya ya faɗa a riƙe shi a matsayin ruwayarsa har sai an samu na biyu da ya gaskata shi ba tare da sun haɗa baki ba, musamman idan maganar ta shafi korar ma'aikaci, ko rufe tasha, ko saɓani da hukuma.

Kaset ɗin da aka samu yana buƙatar hannu mai taushi. Zafi da ƙurar hunturu da danshin damina duk suna cin zarensa, don haka kada a jefa shi cikin kowace rediyo da ke kusa. A fara duba ko ya yi fumfuna, a juya shi a hankali da biro domin a ga ko zaren ya manne, a goge ɓangaren na'urar kunna kaset da zaren ke gogawa a kai, sannan a haɗa ta da kwamfuta a naɗe sautin da manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce. A adana asalin a tsarin WAV, wanda ba ya rage ingancin sauti, a yi kwafin MP3 mai ƙarancin nauyi domin rabawa, a ajiye su a wuri biyu daban. Kada a yanke talla da sanarwa da gaishe-gaishe da nufin a bar waƙa zalla. Waƙar ana iya samunta a wani wuri, amma tallan sabulu da farashinsa, da sanarwar ɗaurin aure, da yadda mai gabatarwa ke cuɗa Hausa da Turanci, su ne ke nuna shekarar da aka yi naɗin da irin mutanen da tashar ke yi wa magana.

Ita kanta waƙar dole ta samu babinta. A bi diddigin lokacin da tashar ta karkata daga waƙoƙin Amurka da na Indiya zuwa na Legas, da lokacin da waƙoƙin nanaye na fina-finan Hausa da kiɗan fiyano suka samu gurbi, da ranar da aka fara bai wa matasa masu salon hip-hop da Hausa fili. A tambayi wanda ke zaɓen abin da za a sa, da abin da aka taɓa hanawa da dalilin hanawar, domin a Kano, inda aka kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, abin da ba a sa ba yana da nasa labarin. A kuma lura da sauyin kayan aiki, daga kaset zuwa faifan CD zuwa kwamfuta, da yadda isowar wayar salula a 2001 ta mayar da gaisuwar kati ta koma kiran waya kai tsaye.

Wajen rubutawa, a jera abubuwa bisa shekaru, a bayyana wa mai karatu abin da aka gani a takarda da abin da aka ji daga baki, kuma a mayar wa waɗanda aka zanta da su rubutun su duba kafin a fitar. Bayan haka a kai kwafin sautukan da hotunan ga ita tashar da kuma ɗakin karatu na jami'a mafi kusa, kowane fayil ɗauke da sunan shiri, da shekarar da ake kyautata zaton an naɗe shi, da sunan wanda ya ba da kaset ɗin idan ya amince a ambace shi.