Yadda ɗalibi zai wakilci ƙasa a kwamitin tattalin arziki na taron kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya

Taron kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya zama ne da makarantun sakandare da jami'o'i ke shiryawa, inda ake raba wa ɗalibai ƙasashe, kowa ya zauna bayan ɗan allo mai ɗauke da sunan ƙasar da aka ba shi, a tafka muhawara bisa ƙa'idoji irin na majalisar. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne wanda ake yi a birnin Hague na ƙasar Holan tun 1968. Ɗalibai da yawa kan guje wa kwamitin tattalin arziki saboda tsoron alƙaluma, alhali kuwa tambayoyin da ake juyawa a cikinsa ba su da yawa: wa ake bi bashi, wa ke bin bashin, kuma aljihun wa za a taɓa idan an ce a gyara.

Abu na farko da za ka yi bayan an ba ka ƙasa shi ne ka san iyakar ikon kwamitin da za ka zauna a cikinsa. Idan Kwamiti na Biyu ne na Babban Zaure, wato mai kula da tattalin arziki da kuɗi, to ƙasashe 193 ne a ciki, kowace da ƙuri'a ɗaya, kuma ƙudurinsa shawara ce da ba ta tilasta wa kowa. Idan Majalisar Tattalin Arziki da Zamantakewa ce, kujeru 54 ne. Babu ɗaya daga cikin biyun da ke iya ba Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) ko Bankin Duniya umarni. Waɗannan cibiyoyi, da aka aza harsashinsu a taron Bretton Woods na 1944, suna auna ƙuri'a ne da nauyin jarin ƙasa, kuma a asusun na IMF Amurka na riƙe da kimanin kashi 16 cikin ɗari, yayin da manyan shawarwari ke buƙatar kashi 85, wanda ke nufin ita kaɗai ta isa ta hana su wucewa. Ɗalibin da ya rubuta cewa kwamitinsa ya umarci asusun ya yafe basussuka ya ba abokan hamayyarsa sandar da za su doke shi da ita tun kafin a yi nisa.

Daga nan sai binciken ƙasarka, kuma a nan ne ya kamata ka kashe mafi yawan lokacinka. Ka gano ko ƙasar mai ba da bashi ce ko mai ci, su waye ke binta, me take sayarwa a waje, me take shigowa da shi wanda ba za ta iya rayuwa ba tare da shi ba, sannan da wace ƙungiya take kaɗa ƙuri'a. A ce an ba ka Zambiya kuma batun zaman shi ne bashin ƙasashe masu tasowa. Dole ka san cewa tagulla ce ƙashin bayan cinikinta na waje, cewa a watan Nuwamban 2020 ta kasa biyan bashinta, cewa Sin ce babbar mai binta a cikin gwamnatoci, kuma cewa ta kwashe fiye da shekaru uku tana zaman sasantawa a ƙarƙashin tsarin bai ɗaya na sassauta bashi da G20, ƙungiyar manyan ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, ta kafa a 2020. Ƙorafinka ke nan a zaure: tsarin yana da jan ƙafa, kuma yayin da ake jira kuɗin ƙasa na faɗuwa, farashi na hawa. Wakilin Gana zai mara maka baya, domin ƙasarsa ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disamban 2022 kafin ta samu shirin dala biliyan 3 daga IMF a watan Mayun 2023. Wakilin Chadi kuwa damuwarsa ta bambanta, tun da kaso mai tsoka na bashin ƙasarsa ya kasance na kamfanin kasuwanci na Glencore, bashin da aka jingina da man fetur, kuma kamfani mai zaman kansa ba ya karɓar umarni daga taron gwamnatoci.

Wanda aka ba Najeriya yana da tarihin da zai kafa hujja da shi. A 2005 ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris ta yafe mata dala biliyan 18 daga cikin kimanin biliyan 30, ita kuma ta biya sauran kimanin biliyan 12, a zamanin da Ngozi Okonjo-Iweala ke ministar kuɗi. Sai dai wakili mai wayo zai lura cewa wancan salo ba zai maimaitu cikin sauƙi ba, domin a yau masu bin bashin sun warwatsu: ga Sin, ga masu riƙe da takardun lamuni a kasuwannin Turai da Amurka, ga bankunan cikin gida.

Jarrabawa mafi tsanani ita ce a ba ka ƙasar da zuciyarka ba ta tare da matsayinta. Ɗan Kano ko ɗan Maradi da ya ga yadda tsadar shinkafa ta gigita gidaje zai so ya la'anci duk ƙasar da ta hana fitar da abinci, amma idan Indiya aka ba shi, wadda ta hana fitar da alkama a Mayun 2022 sannan ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba a Yulin 2023, aikinsa shi ne ya bayyana cewa gwamnatin da ke ciyar da mutane sama da biliyan 1.4 ba za ta bar kasuwar gida ta ƙone don ta faranta wa masu saye a waje ba. Alƙalan taro suna duba wannan kafin su duba iya magana, kuma a ganina sun yi daidai.

Abin da ka tattara za ka taƙaita shi a takardar matsaya, wadda yawanci ba ta wuce shafi ɗaya: matsalar kamar yadda ƙasarka ke kallonta, abin da ta riga ta yi ko ta sa wa hannu, sai abin da take nema. Sashe na uku ya fi sauran muhimmanci.

A zaure, bayan kiran suna, ana buɗe jerin masu jawabi, kuma da wuya a ba ka fiye da minti ɗaya da rabi. Ka fuskanci shugaban zama, ka yi magana da sunan ƙasa maimakon sunanka, ka kawo adadi ɗaya tak da ka tabbatar da shi, ka rufe da buƙata ɗaya da wasu za su iya zuwa su same ka a kanta. Da yake yawancin tarukan da Turanci ko Faransanci ake yin su, yana da amfani ka fara bayyana wa wani hujjarka da Hausa a gida. In ba ka iya fahimtar da ƙaninka abin da ake nufi da sake tsara bashi ba, to kai ma haddar kalmomi kawai ka yi.

Ainihin cinikin ana yinsa ne a lokacin da aka ɗage ƙa'ida, wakilai suka tashi daga kujerunsu suna neman abokan tafiya. Kada ka tsaya wurin abokan ajinku. Ka nemi ƙasashen da buƙatarsu ta zo ɗaya da taka, kamar yadda ƙungiyar ƙasashe masu tasowa ta G77, wadda aka kafa a 1964 kuma yanzu take da mambobi 134, ke yin magana da murya ɗaya tare da Sin. Misalin da ya cancanci nazari shi ne na Nuwamban 2023, lokacin da Najeriya ta gabatar da ƙuduri a madadin ƙasashen Afirka don a mayar da tattaunawar harajin ƙasa da ƙasa ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya wuce a Kwamiti na Biyu da ƙuri'u 125, ƙasashe 48 suka ƙi, 9 suka ƙaurace, kuma cikin waɗanda suka ƙi har da Amurka da Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai. Yawa ya isa ya ci ƙuri'a, amma masu kuɗin suna ɗaya ɓangaren, don haka ka aika mutum ɗaya daga cikinku ya ji abin da za su iya amincewa da shi tun kafin ku kammala rubutu.

Daftarin ƙuduri kashi biyu ne: shimfiɗa, wadda ke tuna da yarjejeniyoyin baya, da sassan aiki masu lamba. Kowane sashen aiki ya faɗi wanda zai yi abin, da inda kuɗin zai fito, da lokacin da za a kawo rahoto. Sabon asusu shi ne abin da ɗalibai suka fi saurin ƙirƙira, kuma shi ne ya fi saurin rushewa da zarar an tambayi mai zuba kuɗi a ciki. Tun 1970 Babban Zaure ya nemi ƙasashe masu arziki su ware kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigarsu don tallafi, kuma har yau 'yan ƙalilan ne ke cikawa. Ya fi ƙarfi ka ɗora shawararka a kan abin da ke akwai: a Agustan 2021 IMF ya raba haƙƙin cirar kuɗi na musamman, wato kadarar ajiya da ƙasa za ta iya musanyawa da kuɗin waje, na dala biliyan 650, amma da yake gwargwadon jari aka raba, Afirka gaba ɗaya ta samu kimanin biliyan 33 ne kawai, saboda haka sashen da ke kira ga ƙasashen da ba su buƙaci nasu kason ba su karkatar da shi ga mabukata yana da tushe.

Idan aka kawo gyara a kan daftarinku, ka karɓi wanda ya sassauta lafazi matuƙar zai ƙaro ƙuri'u, ka ƙi wanda ya cire mai biya ko wa'adi. Lokacin kaɗa ƙuri'a ana rufe ƙofa, ba shiga ba fita, kuma rinjaye mai sauƙi ya wadatar a yawancin taruka. In daftarin da ya rage a gaban zaure ya saɓa wa matsayin ƙasarka a sashe ɗaya kawai, ka nemi a kaɗa ƙuri'a a kan wannan sashe shi kaɗai. In an ƙi, ka ƙaurace, sannan ka nemi izinin shugaba ka bayyana dalilinka a taƙaice idan ƙa'idar taron ta ba da dama.