Yadda ake gina tulin ƙanƙara don ajiye ruwan shuka a Ladakh

A Ladakh, can arewacin Indiya, ƙauyuka na zaune a tsawon fiye da mita 3,000, ruwan sama kuwa bai fi milimita 100 a shekara ba. Manomi na buƙatar ruwa a watan Afrilu da Mayu don shuka sha'ir, amma ƙanƙarar kan duwatsu ba ta narkewa sosai sai Yuni, ga shi ɗumamar yanayi na cinye ta. Injiniya Sonam Wangchuk ya gwada mafita a hunturun 2013: a daskarar da ruwan ƙoramar da ke kwarara a banza lokacin sanyi, ya zama rumbun ruwa. Tulin farko, mai tsawon kusan mita 6, ya kai tsakiyar Mayu bai ƙare ba.

Fara da zaɓen wuri mai inuwa, kusa da gona, wanda ke ƙasa sosai da inda za a ɗauko ruwan ƙorama. Wannan tazarar ita ce injinka, domin ruwa na neman komawa tsawon inda ya fito. Ba a bukatar lantarki ko mai.

Binne bututun da zai kawo ruwan daga ƙorama zuwa wurin kamar zurfin mita 1.8, inda sanyi ba ya ratsa ƙasa. A nan ne aka fi yin kuskure. Bututun da ke kusa da sama, ko wanda ya lotsa a tsakiya ruwa ya kwanta ciki, yakan daskare cikin dare guda ya fashe. A sa masa gangara ɗaya tun daga sama har ƙasa, da makunni a gindi don zubar da ruwan ciki duk lokacin da aka tsayar da aiki.

A ƙarshensa a miƙar da bututu tsaye, a ɗaura kan feshi, a kewaye shi da rassan ƙaya da raga don ɗigon ruwa ya sami abin kamawa. Ana buɗe ruwan da dare, lokacin da sanyi ya sauka ƙasa da sifili sosai. Idan ruwan ya yi yawa, wucewa zai yi bai daskare ba. Idan ya yi kaɗan, kan feshin ne zai toshe. Dole wani ya riƙa dubawa, yana ƙara guntun bututu yayin da tulin ke tashi.

A bar shi ya yi tsini, kada ya baje, saboda haka ne rana ke samun ɗan wuri kaɗan ta bugi ƙanƙarar. Kafin narkewa ta fara, a haƙa kwalbati daga gindinsa zuwa tafki ko bututun ban ruwa na ɗigo.