Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa na'urorin tsaron masana'anta a Saudiyya

Wanda ya san unguwannin masana'antu na Jidda, ko na Riyad da Dammam, ya san ba a ƙarancin kyamara a can. Kowace katanga da tata, kowace ƙofa da abin goga kati, kowane rufi da na'urar jin hayaƙi. Amma ranar da kaya suka yi ƙafa a sito, aka taru gaban allo ana neman abin da ya faru, sau da yawa ba a samun abin da za a kama. 'Yan'uwanmu Hausawa da ke wannan harka, masu haɗa wayoyi da masu kula da sito da shugabannin ma'aikata, su ake fara tambaya, wani lokacin ma su ake fara zargi. Shi ya sa gyaran waɗannan kurakurai ya shafe mu kai tsaye.

Babban kuskure, wanda yawancin sauran suka fito daga cikinsa, shi ne sayen kaya ɗaiɗai. Bana a kira ɗan kwangila ya sa kyamarori, baɗi wani ya zo ya sa makullan kati, ƙararrawar gobara kuma tun lokacin gini aka sa ta don a samu takardar Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara da ceto ta ƙasar. Kowace na'ura da manhajarta da allonta, kamar gidan da kowa ke da tukunyarsa babu mai sanin abin da ɗan'uwansa ya dafa. Idan aka ɓalle ƙofar baya da tsakar dare, na'urar kati ta rubuta, kyamara ta ɗauka, amma babu abin da ya gaya wa maigadi ya duba can. Gyaran yana farawa tun kafin a biya kuɗi. A tambayi mai sayarwa ko kayan suna bin ƙa'idar ONVIF, wadda kamfanonin Axis da Bosch da Sony suka kafa a 2008 don na'urorin kamfanoni daban-daban su fahimci juna, kuma a sa shi ya nuna a aikace. Gwajin ba shi da wuya: a buɗe ƙofar baya ba tare da kati ba. Idan hoton wannan ƙofa bai faɗo kan allon maigadi da kansa ba, tare da ƙara, to ba a haɗa komai ba tukuna, kada a sa hannu a takardar karɓar aiki.

Sai maganar agogo, wadda mutane ke rainawa, ni kuwa ina ganin ta fi yawancin abubuwan da ake kashe wa kuɗi muhimmanci. A ɗauka tirela ta fita da kaya fiye da abin da ke cikin takarda. Sikelin motoci ya ce ta hau shi ƙarfe 2:10, na'urar ƙofa ta ce an ɗaga shinge 2:25, rikodar kyamara kuma tana nuna 7:18, domin tun da aka ciro ta daga kwali tana kan lokacin Sin, wanda ke gaban na Saudiyya da awa 5. Yanzu wa zai iya rantsewa cewa mota ɗaya ce a duka ukun? Mai gaskiya ba zai iya wanke kansa da wannan ba, mai laifi kuma ya samu ƙofar fita. Agogon kowace na'ura yana zamewa kaɗan-kaɗan da kansa, cikin watanni sai a ga tazarar mintuna. Maganin shi ne duk na'urorin su riƙa karɓar lokaci daga uwar agogo guda ta hanyar NTP, wato tsarin daidaita agogon na'urori ta hanyar sadarwa, a saita su kan lokacin Riyad. Da yake Saudiyya ba ta canja agogo da rani ko hunturu, a kashe zaɓin canja agogon da ke cikin na'ura gaba ɗaya idan an same shi a kunne.

Wurin kafa kyamara ma ana yawan kuskure shi. Don gudun kada a taɓa ta, sai a kai ta can ƙololuwar gini, ta koma ba ta ganin komai sai ƙeyar mutane da hulunan kwano. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ta ce ana bukatar kimanin fiksel 250, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, a kowace mita kafin a iya tantance fuskar baƙo, alhali 25 kacal sun isa a ga cewa akwai mutum a wurin. Ke nan kyamara guda ba za ta tsare filin ajiye motoci ta kuma tantance fuska a ƙofa ba, aiki biyu ne. A ƙofar shiga da wurin lodi a sauko da ita kusa da tsayin mutum, a matso da hoton. Ƙofar sito kuma tana da tata matsala: ciki duhu, waje ranar Hijaz, duk wanda ya shigo sai ya zama baƙar inuwa. Nan ana bukatar kyamara mai daidaita haske da duhu, wadda ake rubuta wa WDR. Wani ɗan abu da waɗanda suka koyi aiki a Najeriya ko Nijar ke mantawa: wutar lantarkin ƙasashen biyu tana bugawa sau 50 ne a daƙiƙa (50Hz), ta Saudiyya kuwa sau 60, in ba a canja wannan a saitin kyamara ba sai hoto ya riƙa rawa da layi-layi a ƙarƙashin fitilun masana'anta.

Faifan ajiya da abin da doka ta ce

Sanin girman faifan da ake bukata lissafi ne kawai, amma ba a cika yin sa ba. Kyamara guda mai aika megabit 4 a daƙiƙa tana cin kimanin gigabait 43 a yini. Kyamara 32 cikin kwana 30 sun haura terabait 41. Wanda ya sayi rikoda da faifan terabait 8 yana da hoton ƙasa da mako guda, sabo yana goge tsoho, shi kuwa yana zaton yana da na wata. Satar sito kuma ba a cika gano ta ba sai ranar ƙidayar kaya. Araha ba ta ado. A sayi faifan da aka ƙera don naɗa dare da rana, a kunna saƙon gargaɗi na mutuwar faifai, kuma kowane mako wani ya koma baya ya buɗe hoto mafi tsufa da idonsa ya ga ranar da ke kai.

Tun 2022 Saudiyya ta fitar da dokar amfani da kyamarorin tsaro, wadda ma'aikatar harkokin cikin gida ke kula da ita. Ta wajabta ajiye hotuna har wa'adin da aka gindaya, da kafa allon sanarwa cewa akwai kyamara a wurin, ta kuma haramta sa kyamara a banɗaki da ɗakin canja kaya. Abin da nake so matasanmu su riƙe shi ne tarar riyal 20,000 ga wanda ya fitar da hoton ko ya yaɗa shi ba da izini ba. Yaro ya ɗauki allo da wayarsa ya tura zauren WhatsApp don a ga yadda kaya suka zubo daga kan mota, bai san ya jawo wa kansa abin da albashin watanni ba zai biya ba. Zanen yatsan ma'aikata da fuskokinsu da ke cikin na'urar ƙofa kuma suna ƙarƙashin dokar kare bayanan mutum, wadda ta fara aiki a Satumbar 2023. Masana'antun mai da sinadarai irin na Jubail da Yanbu suna da ƙarin sharuɗɗa daga hukumar ƙoli ta tsaron masana'antu, waɗanda ke ƙarƙashin MODON, hukumar kula da biranen masana'antu, kuma su duba sharuɗɗanta kafin su zana komai.

Yanayi ba ya yafiya a nan. A Jidda danshi da gishirin teku suna cin ƙarfe da bakin waya, a Riyad ƙura ce ke rufe gilashi. Kyamarar waje ta zama mai lambar IP66 ko sama, wato wadda ƙura da feshin ruwa ba sa shiga, a riƙa goge ta bayan kowace guguwa. Rikoda kada a bar ta ƙarƙashin tebur a ɗakin maigadi, inda zafi zai dafa ta, ɓarawo kuma zai iya sungumarta ya tafi da shaida duka. Ɗaki mai sanyi da kulle take so, da batirin ajiya wanda zai riƙe ta tare da na'urar da ke ba kyamarori wuta. Wayar intanet ta tagulla kuma iyakarta mita 100, abin da ya wuce haka sai wayar gilashi, wato fiber.

Kalmar sirri da aka zo da ita daga kamfani, har yau akwai masu barin ta. A 2016 manhajar ɓarna mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori, ciki har da kyamarori da rikodoji, da jerin sunaye da kalmomin sirri kusan 60 kawai da take gwadawa. Saudiyya kuma ta ɗanɗana harin intanet da kanta: a 2012 wata manhajar ɓarna mai suna Shamoon ta goge kwamfutoci kimanin 30,000 na Aramco, kuma kamfanin ya ce haƙar mai ba ta tsaya ba saboda hanyar sadarwar injuna a ware take. A 2017 wata mai suna Triton ta kai hari kan na'urar da ke kashe injuna idan haɗari ya taso, a wata masana'antar sinadarai ta ƙasar. Don haka kyamarori su kasance a hanyarsu ta daban, kada su haɗu da ta injuna ko ta ofis. Kowane mai shiga da sunansa da kalmarsa. Ranar da ɗan kwangila ya gama aiki a rufe tasa ƙofar, haka ma katin duk ma'aikacin da ya bar aiki ko ya yi fita ta ƙarshe daga ƙasar, a soke shi a ranar.

Ƙofar da ke kulle mutane a ciki

Wannan ne kuskuren da ke tayar mini da hankali, domin na baya duk dukiya ce, wannan rai ne. Saboda tsoron sata sai a sa makullin maganaɗisu a ƙofar gudun gobara ba a haɗa shi da ƙararrawa ba, wasu ma sarƙa da kwaɗo suke ƙarawa da dare. A masana'antar roba ko fenti ko katifa, hayaƙi yana cika wuri kafin mutum ya laluba aljihu ya nemo kati. Dole ƙofofin gudu su saki da kansu da zarar ƙararrawa ta kaɗa ko wuta ta ɗauke, kuma a samu maɓallin buɗewa da hannu a gefensu. Idan ana tsoron a bi ta nan da kaya, a sa mata kyamara da ƙara mai tashi idan an buɗe. Duk wanda ya ga sarƙa a irin wannan ƙofa ya faɗa wa shugabansa, ko da a ce ya cika baki. Ba rashin ladabi ba ne yaro ya ce, "Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ƙofar nan in wuta ta tashi mu ne a ciki."

Na ƙarshe shi ne mutumin da ke zaune gaban allo. A jera masa hotuna 40 a ce ya zuba ido awa 12, babu ɗan Adam da zai iya. Gara allon ya zauna shiru, ya riƙa kawo masa wurin da wani abu ya motsa kaɗai. Sai dai idan kowace kyanwa da kowace leda da iska ta kwaso tana tayar da ƙara, cikin mako guda zai rage sautin, daren da abin gaske ya zo kuma a yi ihu bayan hari. A saita na'urar ta bambanta mutum da mota daga sauran motsi, a shata mata iyakar inda za ta kula. A rubuta masa takarda guda cikin harshen da yake karantawa, Larabci ko Hausa ko Urdu: in ƙofa kaza ta buɗe wa zai kira, in gobara ce ya buga 911 a Jidda da Riyad da Dammam, ko 998 a yankunan da 911 bai kai ba, kafin ya nemi mudir, wato manaja. Kuma a gwada shi da dare da ranar Juma'a, lokacin da ofis ba kowa, a rubuta minti nawa ya ɗauka kafin ya isa ƙofar.